Ɓawon Lemo a Ƙoƙon Mate

Zuwa ga hasken idona, inuwata a filin da babu bishiya, Don Lachlan, kurman da nake so,

Yau na ajiye kunya na ɗauki alƙalami. A bakin makiyayan Baba na tsinci labarin, wai ranar Asabar za ka hau jirgin ruwa ka koma Sikotlan, masu haƙar kwal na mutuwa a rami, za ka shiga majalisa ka tsaya musu. Kowa ya ji, har dawakai, ban da ni!

Kai da kake jiyo kukan talaka daga ƙetaren teku, me ya toshe maka kunne a gindin murhunmu?

Ka tuna yammacin da hadari ya tsare ka a gidanmu, idanunka na walƙiya, kana gaya wa makiyaya cewa ƙasa ta mai yi mata gumi ce? Ranar na fara jefa maka ɓawon lemo a ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu. Ko yaron goye a nan ya san ma'anarsa: zo ka neme ni. Kai kuwa ka zuƙe tas, ka ce ganyen bana ya yi ƙamshi, har da ciro alƙalami ka rubuta! Gwaggo Nicanora ta yi dariya har ta ƙware. "Eulogia, 'yar nan, dafa wa dokinsa, zai riga shi ganewa."

Lemon gidanmu duk sun koma tsirara saboda kai. A littattafan da nake ɓoyewa ƙarƙashin matashi, kallo ɗaya ya isar wa jarumi. Nawa jarumin sai da ya sa ni faɗa da baki, ni da ko gaisuwa sai na sunkuyar da kai. Wannan ne adalcin da kake wa'azi? To ni ma talaka ce, kai ne ka danne min haƙƙi!

Ban ce ka bar mutanenka a rami ba, da ka yi haka da na raina ka. Ka zo kafin Asabar, ka karɓi ƙoƙon daga hannuna, ka dube ni. In ka wuce ba ka zo ba, wallahi ranar da ka dawo mate mai sanyi zan miƙa maka, na wanda aka juya wa baya, ka tambayi gwaggo ma'anarsa.

Amma ɓawon lemo, ba zan jefa wa wani ɗa namiji ba har a binne ni.

Taka, cikin fushi,
Eulogia