Sunan Zelig

Lodz, hunturun 1946

Zuwa ga Yaya Gitel,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya a can Ajantina, ke da maigidanki Mendel. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sauke 'yarki Perla lafiya. Ni ma da sauƙi, tarin ya ragu, na kuma samu aikin ɗinki.

Yaya, kin yi ta kewaye-kewaye a wasiƙarki, wai in Perla ta haifi namiji ko za a sa masa Zelig. Na gane. Tunda a al'adarmu ba ma sa wa jariri sunan ɗan'uwa mai rai, tambayarki ita ce ko ƙanenmu ya mutu.

Ga iyakar abin da na sani. A sansanin da aka tsare mu lokacin yaƙi, shi takalma yake ɗinka wa sojojin, ni kuma ina ware tufafin waɗanda aka kai ɗakin gas aka kashe. Ranar da muka yi bore, Zelig ne ya kira wani babbansu ya zo ya gwada sabon takalmi, yana sunkuyawa aka sara masa gatari. Allah ya sani, har yau ban ji tausayin mutumin nan ba. Muka ruga wajen shingen waya, harsashi ta ko'ina, nakiyoyin da aka binne a ƙasa suna fashewa a ƙarƙashin mutane. Rigata ta maƙale, Zelig ya fizgo ni, yana cewa haba Hinda sarkin nawa, yau ma sai kin makara, wuce ina bayanki. Da na isa daji na waiwaya, ba ya nan.

Ba wanda ban tambaya ba. Wani ya ce ya ga faɗuwarsa, wani ya rantse ya gan shi a Rasha har ya yi ƙiba. Zelig da ƙiba! Na yi dariya, na dawo ɗaki na yi ta kuka. Na gaji da zuwa tasha ina leƙa fuskokin mutane, Yaya, na gaji.

Ki gaida Mendel da Perla da mijinta Kalman, da Gwaggo Zlata. Ki ce wa Perla in namiji ne ta sa masa sunan. Ni na ce a sa. In kuma Zelig ya dawo ya tarar mun binne shi da rai, ki turo shi wurina ya zage ni son ransa. Ba abin da nake so in ji kamar zagin nan.

Ƙanwarki,
Hinda