Dalmar Tarun Baba

Gaisuwa daga Fikri, sarkin ƙasan teku, zuwa ga ɗaukacin mutanen Daraw, manya da yara, har jakin kawu Radi! Yaya Shahat, ya ƙafar Inna? Ya rake?

Ni lafiya lau nake a Marsa Alam bakin teku, kifaye ma sun san sunana. Kunnena ne ke ɗan ruwa, ba wani abu bane.

Abu ɗaya ne ya isheni. Rayyis Garib, mai jirginmu, yace duk mai kai baƙi nutso saiya rataya ƙaramar tukunyar iska a gefe, koda babbar zata ƙare. Tunda na ratayata a hagu, ina shiga ruwa sai ta rinjayeni, in dinga tafiya a karkace. Jiya na kife gaban Turawa, ƙafa sama, wata tsohuwa ce ta miƙar dani! Rayyis yace, "Kai Fikri, mushen kifi kake kwaikwayo?" Nace salo ne. Yace in Juma'a tazo ban daidaita ba, in koma wankin kayan nutso.

Maganin abin ɗan nauyi ne a dama. Dalmar jirgi da muke ɗaurawa in za mu nutso kuwa duk manyan curi ce, in na ƙara ɗaya sai in lume kamar guduma.

Dan Allah Yaya, tarun marigayi Baba na rataye a ɗakin Inna. Bari ta tafi kasuwa, ka yanko min dalmar bakinsa cikin hannu biyu, ka turo min a motar Laraba!