Carbin da Na Saya wa Ƙanena Wanzami

Malam Edita, sallama gare ka da duk masu karanta wannan shafi. Ni dattijo ne daga wani ƙauye a bakin fadamar Haɗeja. Karatuna bai wuce na ajin yaƙi da jahilci ba, a yi haƙuri da rubutuna. Ina roƙo a sakaya sunana, kuma a ji ni har ƙarshe kafin a zage ni, don zagin da nake yi wa kaina ya ishe ni.

Mu gidan wanzamai ne, kuma rawar hannu gadonmu ce. Kakanmu ya yi ta, gwaggonmu ta tsufa tukuf da ita tana dakanta da kanta, ni ma ta kama ni tun ina saurayi. Tamu kowa ya san halinta: in hannu na bisa cinya lafiya lau, sai ka ɗauki ludayi za ka kai baki, nan za ta tashi ka yi wa rigarka wanka da kunu. Hannu biyu take kamawa, kuma ba ta taɓa kwantar da kowa ba. Saboda ita mahaifinmu ya tsallake ni ya miƙa wa ƙanena zabirar aski, ni na koma noman shinkafa. Shi ke aski, shi ke ƙaho, shi ke kaciyar yaran ƙauyukan nan. Ba zan ɓoye ba, dawa da kajin da ake kawo masa duk gidan muke ci.

Bara waccan muna zaune a zaure na ga hannunsa na dama yana motsi, babban yatsa yana ta murza na kusa da shi. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, ashe ba kai kaɗai Baba ya bar wa gadon ba." Na taya shi dariya, amma raina bai kwanta ba. Tasa yana zaune take tashi, in ya ɗauki aska ta lafa, kuma hannu ɗaya ne. Ina aka taɓa ganin tamu haka? Da ruwa ya janye hanya ta buɗe, na kai shi asibiti a Haɗeja. Malamin asibiti ya sa mu miƙa hannu, ya sa ƙanena ya taka zuwa ƙofa ya dawo, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Baba, taka ba komai, da ita za ka tsufa. Tasa daban ce. Ka ga hannun nan ba ya lilo in yana tafiya? Ina jin daga ƙwaƙwalwa take, kuma irinta gaba take ci. Ku hau jirgin ƙasa a Malam Madori likitan Kano ya gan shi, kuma ya fara tunanin ajiye aska."

Muna fita ƙanena ya ce, "Yaya, me ya ce maka?" Na ce, "Gadon gida ne, wai ka rage cin goro." Wallahi har yau ina jin kunyar wannan magana. Me ya sa na faɗe ta? Na ji tsoron a ce hassada ce, wanda aka hana zabira ya samo hanyar raba ɗan'uwansa da ita. Na kuma tuna rumbun da askarsa ke cika mana. Ban tsaya nan ba, muka bi ta kasuwa na saya masa carbi na ce, "In kana cikin mutane riƙe wannan, kada masu zuwa aski su tsorata."

To dabarar ta ci fiye da yadda na so, kuma ita ke neman haukata ni. Yatsun nan na murzawa, carbi na tafiya, sai gari ya ɗauka cewa wanzami ya koma ga Allah. Yanzu Malam ake ce masa. Mata na kawo jarirai ya yi musu tofi. A gabana wani ya ce, "Ka ga bawan Allah, ko hira ake shi tasbihinsa yake." Fuskarsa ta daina motsi, aka ce natsuwa ce. Muryarsa ta yi ƙasa, aka ce kamun kai ne. Ni kaɗai na san ciwo ne, ina ji kamar in fasa ihu a tsakar kasuwa. Yanzu jan ƙafa yake, tashi daga tabarma aiki ne. Matarsa ta same ni ta ce, "Yaya, kai ma haka taka ta fara? Ko mazugin wando sai na taya shi ɗaurewa." Na sunkuyar da kai na ce Allah zai kawo sauƙi. Kwanan baya yana yi wa wani masunci aski hannun ya cije, aska ta shiga bayan kunne, jini har wuyan riga. Mutumin ya yi dariya wai zikiri ne ya ɗauke Malam!

Ran nan na daure na ce masa, "Kaciyar bana ka bar wa wani, ka huta." Sai ya ce, "Yaya, har yau jira kake zabirar nan ta faɗi? Ba kai ka ce min gado ne ba?" Ƙaryata ce ya ɗauko ya toshe min baki da ita.

Ga shi an yanke shinkafa, sanyi ya shigo, iyaye sun fara kawo goron kaciya yana karɓa. In na gaya masa gaskiya, zai san na yaudare shi, na cinye masa lokacin da ya kamata ya ga likita. In na je wa mai gari, na tuɓe ɗan'uwana a bainar jama'a. In na yi shiru, hannun nan zai hau 'ya'yan mutane da aska, kuma wurin nan ba bayan kunne ba ne da za a yi dariya a wuce. Masu sanin ciwo, ku gaya min ko zuwa Kano yana da sauran amfani. Ku kuma dattawa, tun ba a zaunar da yaron farko a bakin ramin kaciya ba, me zan yi?