A Buɗe Wa Malam Habu Hanyar Tsamiya

Zuwa ga Jami'in da aka ɗora wa aikin ƙawata dandalin unguwarmu.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da girmamawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ni ne Malam Umaru, tsohon malamin daji. Na yi elemantare tun ana ba mu allon sileti, na kuma ƙarar da ƙuruciyata ina yawo a kan keke tsakanin Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, ina dashe, ina hana sara. Sau biyu na zo ofishinka ina dogara sanda, masinja ya ce kana rangadi. Shi ya sa na rubuto a fili.

Ni kaɗai nake a gida. Mai ɗakina ta rasu shekarar fari, ɗana ɗaya ya bi fataken shanu Kudu. Abokin hira ɗaya ya rage mini, Malam Habu, wanda ya makance shekarun baya. Kullum da hantsi yakan fito shi kaɗai, ya bi 'yar hanyar da ƙafafun mutane suka daɗe da fitarwa, ya same ni gindin tsamiyar dandali, mu zauna har azahar. Ƙafarsa ta haddace hanyar nan. Yau wata biyu bai fito ba, kuma aikinku ne ya kulle shi.

Na farko. Ƙasar Gumel rairayi ce, ba mu da dutse. Sai ga shi kun loda duwatsu a tifa daga nesa, kun jera su a tsakiyar hanyar, kun shafe su da farar ƙasa, sannan kuka ja waya mai ƙaya daidai ƙwauri. Farar ƙasa mai ido take yi wa amfani. Washegari Malam Habu ya fito yadda ya saba, ya yi tuntuɓe, ya faɗa kan wayar. Ni na wanke masa jinin da ruwan butata. Dattijon da ya yi limanci a unguwar nan, yana kwance a ƙasa, rawani a gefe, yana tambaya wa ya canja masa gari.

Na biyu. Kun sare kurna biyu da suka girme ni, wai suna zubar da ganye. A gurbinsu kun shuka ciyawar Turawa da furanni, kuma a bakin rani, saboda kawai ana jiran babban baƙo. Baƙon ya wuce a mota bai ko sauke gilashi ba. Da wane ruwa za a shayar da su? Rijiyarmu sai an haɗa igiya biyu kafin guga ya taɓa ruwa. Mutanen da suka ga shanunsu suna faɗuwa da ƙishi shekaranjiya-shekaranjiya, su za a ce su yi wa ciyawa ban-ruwa? Abin da rana ta bari, awaki sun gama da shi. Waya ba ta hana akuya ba, mutane kawai ta hana.

Na uku. Ramukan da kuka haƙa don dashe har yau a buɗe suke. Matan da ke zuwa rijiya da tulu a ka suna ratsa su suna salati.

Na huɗu, kuma shi ya hana ni shiru. Ranar Alhamis, da gari ya watse zuwa kasuwar Maigatari, ma'aikatanku sun zo sun shafa wa tsamiyar jan fenti. Na yi aikin daji, na san abin da jan fenti yake nufi: sara. An ce ta tare inda za a kafa allo mai sunan dandalin. Subhanallahi! Allo yana da inuwa?

Ranka ya daɗe, ba gyara nake ƙi ba. Amma wanda ya zana muku wannan tsari bai taɓa zama a nan da rana tsaka ba. Da an tambaye mu, da mun faɗa kyauta. Ga roƙona:

A goge fentin nan, a bar tsamiya. A kwashe duwatsu da waya, a mayar da hanya inda ƙafa ta ajiye ta tun farko, a cike ramuka. In shinge ake so, a kafa aguwa: reshe ake yankowa a soka a ƙasa da rani, ba ta neman ruwa, ba ta da ƙaya, akuya ba ta kula ta. In inuwa ake so, a jira ruwa ya zauna a dasa dogonyaro, a binne tsohon tulu mai tsaga a gindin kowane, a riƙa cika shi sau ɗaya a mako, ya yi ta tsattsafowa da kansa. Damina biyu, ya daina neman kowa. Haka muka yi a bakin hanyar Gagarawa, ku je ku gani. Ƙafata ta mutu, amma in aka ɗora ni a jaki zan nuna wa leburorinku inda za su haƙa.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka mashawarta na gari, ya sa ka tsufa da idonka da abokin hirarka.

Jiya bayan la'asar na lallaɓa na gaida Malam Habu a zaurensa. Ya rame. Bai yi ƙorafin ƙafarsa ba, tambaya ɗaya ya yi mini, ko hanya ta buɗe. Na ce masa na rubuta takarda. Ya ce to zai ajiye sandarsa kusa. Kada ka sa na yi wa makaho ƙarya.

Wassalam.

Malam Umaru, tsohon malamin daji,
Ƙasar Gumel.