Giwayen da na kora sun koma gonar kakan mijina

Anti, don Allah ki taimake ni da shawara kafin Alhamis mai zuwa. Ina cikin farin cikin da ban taɓa shiga irinsa ba, amma akwai abu ɗaya da ya tsaya mini a rai, ya hana dariyata kaiwa ciki.

Ni ma'aikaciya ce a wata ƙungiya mai kula da namun daji. Shekara uku ke nan da aka ɗora ni a kan aikin sasanta manoman ƙauyuka huɗu da giwayen gandun dajin da ke bayansu. Ranar da na faɗa wa mahaifiyata, sai da ta yi dariya har da hawaye, wai yarinyar da ke hawa kujera in ta ga kyankyaso ita ce za ta yi wa giwa iyaka. Ban ga laifinta ba.

Zuwana na farko, na tara mutane a gindin bishiya, na baje taswira ina ta bayani. Ban kai rabi ba wata dattijuwa da ake kira Inna Tsawa, saboda ƙarfin muryarta, ta kama hannuna ta ja ni har gonarta. Masarar da ta kusa nuna duk tana kwance kamar an shimfiɗa tabarma. Ta ce mini, "Ke 'yar boko, wannan takardar taki zan dafa wa jikokina?" Ranar a kan babur na yi kukana har gida.

Dabarar da muka kawo ita ce shingen zuma. Giwa duk girmanta ba ta son ƙudan zuma, domin yana shigar mata hanci da gefen ido. Sai muka kafa dirkoki kewaye da gonaki, muka rataya amya, wato akwatunan zuma, muka haɗa su da waya. In giwa ta taɓa wayar, sai amya ta girgiza, zuma ta tashi, giwa ta juya. A baki abin da sauƙi. Amma Anti, na sha wuya. Kafinta ya gama akwatuna, zuma ta ƙi shiga har wata biyar, yara suna ajiye takalmansu a ciki. Manoma da masu gadin daji ba sa ga maciji da juna, sai da na yi ta zaunar da su ina dafa shayi kamar mai sayarwa. Ni kaina zuma ta harbe ni a fatar ido, na yi kwana uku ina yawo kamar wadda ta sha kashi a dambe.

Garken giwayen yana da shugaba, wata tsohuwa mai yagaggen kunne. Mutanen ƙauye suna kiranta Gwaggo, wai don ba ta sallama, ba ta zuwa ita kaɗai, kuma ba ta tafiya sai ta ga ƙarshen abin da ke gidan. Wata safiya ina gonar Inna Tsawa muna duba waya, sai ga Gwaggo da zuriyarta daga nesa. Muka maƙale a bayan suri. Ta zo cikin isa, ta miƙa hanci, ta taɓa waya. Anti, da kin ga yadda ta kaɗa kunnuwa ta juya a guje, ɗan ƙaraminsu na biye yana tuntuɓe! Inna Tsawa ta miƙe ta rangaɗa guɗa tana cewa, "Haba Gwaggo, ko gaisawa ba za ki tsaya mu yi ba?" Na rungume ta muna dariya muna kuka.

Yau damina biyu ke nan giwa ba ta karya ko kara ɗaya ba a ƙauyukan nan huɗu, kuma ba a kashe giwa ko ɗaya ba. Rumbuna sun cika. Mutane suna barci a ɗakunansu maimakon kwana a gona da gwangwani suna kiɗa. Inna Tsawa ita ce shugabar masu kiwon zuma yanzu, amyarta goma sha biyu, maza take koya wa aiki tana yi musu faɗa. A watan jiya ma an yi mini takwara.

To ga inda matsalar take. Akwai ƙauye na biyar a ƙetaren rafi, wanda ba ya cikin aikinmu, domin a da giwaye ba sa zuwa can. Nan ne garin su maigidana. Mako uku da suka wuce, Gwaggo da ta ga ko'ina zuma, sai ta bi gefen rafi ta haye. Gonaki shida suka shiga, har da ta kakan maigidana, tsoho ɗan shekara tamanin da har yau da hannunsa yake noman masara da kabewa.

Na je jaje. Tsoho kullum amaryarsa yake kirana, muna wasa sosai. Yana ganina ya ce, "Amarya, ashe haka kike sona? Zuma na ce ki aiko mini, sai ki turo mini baƙi masu faɗin ƙafa?" Kowa ya fashe da dariya, har da ni. Amma da zan tafi na hango shi a gonar shi kaɗai, yana tsintar 'yan kabewar da ba a taka ba yana tarawa a gefen rigarsa. Surukata kuwa ta karɓe ni da fara'a, ta kawo mini ruwa, ta tambayi aiki, ba ta ce komai a kan gonar ba. Da ta yi mini faɗa da ya fi mini sauƙi. Sannan a bakin kasuwa na ji wasu samari suna maganar zuba guba a inda giwayen ke shan ruwa.

Ranar Alhamis za a yi babban taron murna. Shugabanni daga hedikwata da masu ɗaukar nauyin aikin duk za su zo, za a ba ni lambar yabo, kuma rahotonmu ya ce rikici ya ƙare. Na sami Oga, shugabana a wurin aiki, da maganar. Mutumin kirki ne, shi ya tsaya mini lokacin da ake cewa aikin ya fi ƙarfin mace. Ya ce ƙauyen ba ya cikin taswirarmu, don haka ba ƙarya muka rubuta ba, in yi haƙuri a sa hannu a kan sabunta aikin, daga baya a san abin yi. Ya tuna mini mutum goma sha ɗaya ne ke cin abinci a ƙarƙashin aikin nan. Maigidana ya ce duk abin da na zaɓa yana bayana, amma na san halinsa, in abu na damunsa wanke babur yake yi, yanzu sau biyu yake wankewa a rana.

Anti, in tashi a gaban baƙi in faɗi gaskiya? In yi shiru? Ko in ƙi karɓar lambar? Har sabon kaya na ɗinka. Kuma laifi ne da har yanzu in na tuna gudun Gwaggo nake dariya ni kaɗai?

Taki,
Mai Shingen Zuma

*

'Yar'uwata Mai Shingen Zuma,

Da farko dai ina taya ki murna. Ki sa sabon kayanki ranar Alhamis, ki karɓi lambarki da hannu biyu. Rumbunan nan da suka cika gaskiya ne, giwayen da ba a kashe ba ma gaskiya ne. Dariyarki halak ɗinki ce, kin biya ta da kumburarren ido.

Ogan naki ba mugu ba ne. Tsoro yake ji kada baƙi su ji kalmar matsala su naɗe tabarmarsu, a bar ma'aikata da manoma a tsakiya. Wannan tsoron yana da tushe, kuma mutumin da ya tsaya miki bai cancanci ki ba shi kunya a bainar jama'a ba. Don haka maganar tashi a taro ki fasa ƙwai ba tare da saninsa ba, ki cire ta daga ranki.

Amma a wuri ɗaya ya yi kuskure. Giwa ba ta san taswira ba. Aikin da aka ba ki shi ne rage rikici tsakanin mutane da giwaye, in kuwa rikicin ya haye rafi ne kawai, to aikin bai ƙare ba. Kuma wannan daga bayan da yake faɗa, samarin da kika ji a kasuwa ba za su jira shi ba. Ranar da aka wayi gari da gawar giwa, ko aka taka wani a gona, masu ɗaukar nauyin za su tambaya tun yaushe kuka sani. A ranar ce aikin zai mutu da gaske.

Ga abin da nake ganin za ki yi. Maganar guba kada ta kwana. Yau ɗin nan ki sanar da masu gadin daji, ki kuma sami mai unguwar garin, ba don a kama kowa ba, sai don a zauna da samarin su ji cewa an san da kukansu kuma taimako na tafe. Wanda ya ga ana zuwa ba ya saurin ɗaukar doka a hannunsa.

Sannan ki koma wurin Oga, amma kada ki je da matsala tsirararta. Ki je da shafi ɗaya: gonaki nawa aka ɓata, ta ina giwayen suka haye, amya nawa ake bukata, wa zai koyar. Ki roƙe shi a gyara jimlar nan ta rahoto, a ce rikici ya ƙare a ƙauyuka huɗu, ya kuma ɓulla a na biyar, ga shirinmu a kai. Ki nuna masa cewa hujjar sabunta aikin ce kika kawo masa, domin mai cewa ya gama komai, me zai sa a ƙara masa lokaci? Ki bar shi ya faɗa wa baƙin da bakinsa, girman ya zama nasa. Idan ya ƙi, ki gaya masa cikin ladabi cewa ba za ki tayar da maganar a taro ba, amma duk wanda ya tambaye ki za ki ba shi amsa ta gaskiya, kuma kina so a ajiye shafin naki a fayil.

Abu ɗaya kuma da ke kika fi ni saninsa: in kuka toshe ko'ina, giwayen za su fasa ta wani wurin. Wannan karon ku fara da tambayar ta ina za a bar musu hanyar zuwa ruwa, kafin ku kafa dirka ko ɗaya.

Kada ki jira hedikwata kafin a fara. Kina da mutanen da suka san aikin nan kamar yunwar cikinsu. Ki roƙi Inna Tsawa ta haye rafi da 'yan ƙungiyarta. Manomi ya fi jin maganar manomi, kuma ban ga samarin da za su yi wa wannan baiwar Allah gardama ba.

Game da gida, shirun surukarki ba lallai fushi ba ne, wataƙila kunyarki take ji kamar yadda kike jin tata. Ki same ta ku biyu, ki ce kin san abin da ya faru ya taɓa gidan, ga kuma abin da kike yi a kai. Ki bar maigidanki ya shiga aikin, ya fi masa wanke babur. Tsoho kuwa, wasan da ya yi miki sutura ce ya rufa miki, kada ki ɗauka bai ji ciwo ba. Ku haɗa hannu da maigidanki ku cike masa abincin bana ba tare da surutu ba, kuma dirkar farko a ƙetaren rafi a gonarsa za a kafa ta.

Ki je taronki da kai a sama. Allah Ya ƙara wa aikinki albarka, Ya kiyaye manoma da gonakinsu, Ya bar giwaye a dajinsu lafiya, Ya kuma ba Tsoho tsawon ran da zai ci masarar baɗi daga gonarsa.

Antinki