Ɗakin da Na Gina a Kwamfutarka

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar darbejiyata a tsakar rana, ruwan randata bayan doguwar tafiya, injiniyan da Tudun Wada ba ta haifi kamarsa ba, Malam Zakariyya'u mai fushin kwana shida.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da kwamfutarka wadda ta ga abin da ta gani. Na rubuto a takarda ne domin saƙonnina na waya kana buɗe su, ina ganin alamar, amma amsa ta yi ɓatan dabo. Ita takarda ko ka ninke ta, tana nan a aljihunka.

Yau kwana shida rabona da muryarka. Tuwo ba ya wuce mini, shayi ya koma ruwan zafi, har ƙawata Hephzibah ta fara tambaya ko zazzaɓi nake yi. Haba masoyina! Ko kogin Kaduna da yake cika ya batse a watan Agusta, yakan sauka ya bar masu lambu su yi shuka. Kai naka fushin yaushe zai sauka?

Ka tuna safiyar Litinin, da muka hau Keke Napep daga Makera zuwa Sabon Tasha, kana rungume da jakar kwamfuta kamar jariri? Ka sa kaftaninka shuɗi, ka kafa hula, ina satar kallonka ina jin babu macen da ta kai ni sa'a. Wata biyu ka yi kana gina manhajar da za ta riƙa tura wa iyaye mata saƙo ranar rigakafin 'ya'yansu, ga shi za ka nuna ta a ɗan asibitin Sista Scholastica. Ma'aikata suka taru, ka danna, sai ga jan rubutu mai nuna kuskure ya cika allo. Ka sake dannawa, ya sake zuwa. Gumi ya keto maka, ni kuwa zuciyata ta faɗi tare da taka.

Amma tsakani da Allah, ya rabin raina, sau nawa na gaya maka kowane aiki a gina masa ɗakinsa? Abin da mu masu rubuta manhaja da harshen Python muke kira venv, layi ɗaya ne kawai za ka rubuta. A keɓe wa aiki wurinsa, a zuba masa laburaren da yake buƙata, wato kayan aikin da wasu suka riga suka rubuta, daidai da samfurin da ya saba da shi, a rubuta sunayensu a fayil guda saboda gobe. Kai kuwa ka ce ɓata lokaci ne. Komai a tukunya ɗaya kake zubawa, da kuka da kuɓewa da taushe, sannan ka yi mamaki miya ta ƙi ciyuwa. Ranar Lahadi ka sabunta wani laburare saboda aikin makarantar nan ta unguwarku, ashe manhajar asibiti da tsohon ta saba. Ka gyara wa ɗaya, ka karya wa ɗaya ƙafa.

Nawa laifin kuma ba zan ɓoye shi ba. Na jawo kwamfutar daga gabanka ba tare da na nemi izini ba, na gina ɗakin, na mayar da tsohon laburaren, cikin minti goma komai ya tashi. Da Sista Scholastica ta ce ka hanzarta kai sadakina kafin wani injiniya ya riga ka, kowa ya yi dariya, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Sai da muka hau Keke na ga kwalta kake kallo tun daga Sabon Tasha har gida. Gyaran ba na nadamarsa, domin jariran nan suna buƙatar allurarsu. Dariyar ce take cin raina, kuma ina roƙon ka yafe mini ita. Manhajar taka ce tun daga tushe har rufi, ni ɗaki kawai na share mata.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya maka ba. Kana tsammanin da wannan wayo aka haife ni? A shekarata ta ƙarshe a makaranta, aikina ya mutu a gaban malamai uku, saboda irin wannan kuskuren sak. Ni babu wanda ya jawo mini kwamfuta. Na fita bayan ɗakin gwaji na yi kuka har gyalena ya jiƙe, washegari Hephzibah ta zaunar da ni ta koya mini. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Da na ga jan rubutun nan a gabanka, tsohon tsorona ne ya miƙa hannu, ba raini ba.

To ga shi darasin ya shige ka fiye da kima. An ce ka keɓe ayyuka, kai ka keɓe kanka, ka rufe ƙofa, ka bar ni a waje da takalmi a hannu. Wa ya koya maka wannan, farin watana?

Asabar ɗin nan ce ranar da aka sa baffanninka za su zo wurin Baba neman aurena. Inna ta sa an soya dubulan, an wanke manyan tabarmi. Jiya bayan La'asar Baba ya kira ni, ya ce kwana biyu bai ji sallamarka a ƙofar gida ba, ya tambaya ko baƙin suna nan tafe. Na sunkuyar da kai na ce masa suna tafe. Zakariyya'u, tun da na yi wayo ban taɓa yi wa Baba ƙarya ba. Kada ka bari wannan ta zama ta farko.

Taka, yau da gobe da jibi, da fushinka da murmushinka, har ranar da numfashi zai ƙare,

Hauwa Kulu
Makera, Kaduna