Shawul ɗin Maman Talatu Yana Gefen Zanen Gadona

Assalamu alaikum Anti, barkanki da aiki, ina kuma gaida masu karanta wannan shafi. Don Allah ki ɓoye sunana da na garin da nake. Masu ba da shawara kuma ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke mini hukunci. Na san wasunku zagin ne kawai yake kawo su shafin nan, to ban hana ba, amma a haɗa mini da shawara, domin ranar Asabar ɗin nan komai zai wuce.

Ni 'yar cikin birni ce, haihuwa da girma. Aure ne ya kawo ni wani gari tsakanin Kura da Bunkure, inda maigidana yake aikin malamin gona a wajen masu noman rani. Shekara huɗu ke nan, kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ko sau ɗaya wurin bai taɓa kwanta mini ba. Garin da hira ba ta wuce tumatir: ya yi tsada, ya karye, ya ruɓe a kwando, an sako ruwa a kanal, ba a sako ba. Ki leƙa ƙofar gida kwanduna, ki hau titi shanyar shinkafa, ki dawo ɗaki sauro ya yi miki sannu da zuwa. Abin da ya riƙe ni ban haukace ba shi ne saƙar kwarashi, wadda na koya tun a makarantar kwana. Ba ta sayarwa nake yi ba, ban kai can ba, sha'awa ce kawai. Kayan kujera, marfin talabijin, hular jarirai, duk ina yi, kuma ba yabon kai ba, duk yankin nan ban ga hannun da ya kama ƙafar nawa ba.

Matsalar ita ce zare. Ki je kasuwar nan ki ce a ba ki zaren ulu, mai koli zai zaro miki kala uku yana washe baki: ja, kore, da wani rawaya mai kashe ido. Ki taɓa ki ji kamar igiyar buhu, ki wanke sau ɗaya ruwan ya rine. Saboda haka ni sai na shiga mota na tafi Kano, can Sabon Gari, wajen wani ɗan kasuwa da yake kawo mai kyau. Su kuwa matan nan da suke taɓa saƙa, kin san me suke yi? Rigunan sanyi na gwanjo suke saya su warware. Rigar da ba ki san wanda ya yi gumi a cikinta ba, ita za ki saƙa wa jariri hula da ita.

Shugabar masu wannan aiki maƙwabciyata ce, katanga ɗaya ta raba mu. Zan kira ta Maman Talatu, ba sunanta ke nan ba. Kirista ce daga wajen Filato, ta kai shekara hamsin, mijinta yana gyaran injin ban ruwa, ita kuma tana zuwa tsince tumatir. Tun ranar da na tare take kira na Amarya, har yau ba ta daina ba. Wata rana na same ta a tsakar gidanta ta naɗe zaren da ta warware a bayan kujera, duk ya cukwikwiye, ta ɗora tukunya a wuta tana turara shi. Ta ce, "Amarya, zo ki gani. In ya sha tururi, ki rataye shi ki ɗaura masa ɗan dutse, sai ya miƙe kamar sabo." Na yatsina fuska na ce, "Mama, kin san ko wani ya mutu a cikin rigar nan?" Ta yi dariya ta ce, "Ai an wanke." Na fita ina taɓe baki, na ba maigidana labari har da kwaikwayon muryarta. Kuma ita wannan matar ce da na yi ɓari a shekarata ta biyu ta yi sati biyu tana yi mini wanki da shara, tana dama mini kunu. Na ba ta sabulu da turmin atamfa na ɗauka mun rabu lafiya, a raina ina cewa ai irinsu sun saba da wahala.

To bara na fara babban aiki, zanen gado sukutum, ruwan madara da ruwan makuba. Na yi niyyar in gama kafin Yayata ta zo, domin ita duk lokacin da muka haɗu sai ta ƙare mini kallo ta ce, "Oh, ƙanwata an zama 'yar ƙauye." Ina so ta shigo ɗakina ta ga abin da zai rufe mata baki. Wata biyar ina kai, na gama tsakiya, na zo kan baki, sai makubar ta ƙare. Na koma wajen ɗan kasuwar nan ya ce babu, kaya ba su iso ba. Na sake komawa ya miƙo mini wani dunƙule yana rantsuwa lamba ɗaya ce. Na kara da guntun da na zo da shi, wannan ya fi ja, ko makaho ya shafa zai ji. Ya ce, "Hajiya, wa zai lura?" Na ce, "Ni." Na zaga kasuwar Kwari, na shiga ta Kurmi, na bi lungu-lungu da guntun zare a ƙulle a bakin mayafi kamar mai neman magani. Zuwa uku na yi, kowane zuwa in dawo a matse tsakanin kwanduna, ƙafa a kumbure, hannu wayam.

Ana cikin haka Maman Talatu ta shigo da wata baƙar leda tana wari-warin kafur. Ta buɗe a hankali ta fito da shawul ɗin jariri. Ta ce mahaifiyarta ce ta saƙa shi da hannunta lokacin da za a haifi Talatu, 'yarta ta fari, kuma duk 'ya'yanta biyar da shi aka fita da su. Mahaifiyar tata ta rasu da daɗewa, ko hotonta ba su da shi. Yanzu Talatu tana da cikin fari a can gida, tana so ta kai mata in za ta je wankan jego, ga shi asu ya huda shi wuri biyu. Ta ce, "Ni ina tsoron taɓa shi, Amarya. Hannunki ya fi nawa." Anti, wallahi ban ji rabin abin da take faɗa ba. Idona yana kan kalar. Makuba ce, ita ce sak, kuma ulu na gaske, irin na da, mai laushi da nauyi. Abin da na rasa a duk Kano, ga shi a cikin ledar mai tsince tumatir. Kin san abin da ya fara zuwa raina? Ba tausayi ba ne, haushi ne. Na ce me wannan matar ta sani game da zare irin wannan? Ta ajiye shi shekara da shekaru asu yana ci, za ta kai shi ƙauye jariri ya yi ta tumbuɗi a kai.

Kwana uku yana cikin durowata. Rana ta huɗu bayan azahar, maigida yana gona, na tura ƙofa na kunna rediyo, na ce bari dai in kara in gani. Daga karawa na nemo bakin zaren, na ce layi ɗaya kawai zan ja. Wanda ya taɓa warware saƙa ya san yadda take, ja ɗaya sai ta yi ta zuwa da kanta. Kafin la'asar babu shawul, sai tulin zare a cukwikwiye a cinyata. Sannan na tashi na naɗe shi a bayan kujera, na ɗora tukunya, na turara, na rataye na ɗaura masa dutse, daidai yadda ta koya mini ranar da na yi mata dariya. Ya miƙe kuwa kamar sabo. Akwai wani tsohon tabon manja a jikin shawul ɗin da wanki bai fitar ba, da na saƙa sai ya watsu ya zama 'yan ɗigo-ɗigo a layi biyu. Na ce wa zai lura? Zaren bai ma isa ba, kusurwa ɗaya ta rage kamar taƙi guda, na tura ta jikin bango.

Da ta fara tambaya na ce ina kai. Ta sake tambaya na ce sai na samo zaren da zai dace. A karo na uku na haɗe rai na ce na tafi da shi Kano neman kala, na manta ledar a cikin bas. Har na ƙara da cewa ai da ma bai kamata ta ɗora mini nauyin tsohon kaya ba. Ta zauna a bakin ƙofata ta daɗe tana kallon ƙasa. Daga baya na ji ta bar aikin yini ta tafi tashar Kura tana bin direbobi ɗaya bayan ɗaya tana kwatanta musu baƙar leda. Sau uku ta je. Matar da in ba ta fita tsince ba ranar babu cefane. Da ta gaji ta zo ta ce mini, "Kar ki damu kanki, Amarya, tsautsayi ne. Allah ya sa wanda ya tsinta yana da jariri." Na ce amin, bakina bai ko yi rawa ba.

Ranar Lahadin da ta wuce Yayata ta zo. Na shimfiɗa zanen, na ɗaga labule don haske ya sauka a kansa. Ta shigo tana danna sabuwar wayarta tana ƙorafin babu sabis, ta yi masa kallo ɗaya ta ce, "Har yanzu kina wannan saƙe-saƙen na tsofaffi? Ai yanzu 'yan Dubai ake yayi." Ta zauna a kai ta ɗora jakarta. Wata biyar ɗina, da zuwa Kano uku, da abin da na aikata, ga ladan da na samu. Ban gama haɗiye wannan ba na ji sallama. Maman Talatu ce ta dawo daga coci, ta ji na yi baƙuwa daga birni, ta kawo kwanon tumatir a yi mata tsaraba. Kafin in tare ta a tsakar gida har ta iso bakin ɗaki, labule kuma a ɗage. Ta gaida Yaya, sannan idonta ya sauka a gado. Ta matso, ta goge hannunta a zani, ta shafa bakin zanen, ta bi shi da yatsa a hankali har ta zo kan ɗigon manjan nan, ta tsaya. Ta ci gaba har bango, ta zaro kusurwar da ban gama ba, ta duba, ta mayar yadda take. Ta ce, "Aiki ya yi kyau, Amarya." Ta fita. Yaya ta bi ta da kallo ta ce, "Waccan kuma mai aikinku ce?" Ban ce a'a ba.

Washegari da hantsi ta dawo da wata 'yar leda. Na tsaya ina jiran ta tara mini jama'a, har na shirya abin da zan ce, cewa kala ai ba ta mutum ɗaya ba ce. Sai ta miƙo mini. Hula ce da safa na jariri, saƙar uwarta, makuba, abokan shawul ɗin. Ta ce, "Ga sauran. Na ga kusurwa ɗaya ba ta cika ba, kar ki bar shi haka." Na kasa karɓa, ta ajiye a kan tabarma. Ta ce, "Asabar zan tafi gida, Talatu ta kusa. In da saƙo sai ki ba ni."

Anti, tun ranar ban iya cin abinci sosai ba, kuma abin kunyar shi ne har yanzu wani ɓangare na zuciyata haushinta yake ji. Me ya hana ta zage ni? Da ta kira ni ɓarauniya da na sami abin riƙewa, in ce ai da ma ba su da tarbiyya. Wace ce ita da za ta yi mini wannan? Sai kuma in tuna ni ce 'yar birnin, mai ilimin, wadda ta san zare mai kyau, ni ce na tura matar da ta wanke mini jini ta yi ta yawo a tasha tana neman abin da yake jikin zanen gadona. Duk rainin da na yi wa garin nan shekara huɗu, ban ga wanda ya cancance shi kamar ni ba.

Na yi tunanin in warware bakin in mayar mata da shawul, kwana huɗu zai ishe ni in na duƙufa. Amma saƙar da uwarta ta yi wata iri ce mai kama da ganye, ban iya ta ba, kuma ban tsaya na duba yadda aka yi ta ba kafin in ja zaren, don a lokacin ban ga abin koyo a hannun tsohuwar ƙauye ba. Duk abin da zan saƙa nawa ne, ba na uwarta ba. In sayo na kanti in kai mata? Da wane ido? In je in durƙusa in faɗi abin da ta riga ta sani? Maigidana bai san komai ba, kullum suna tare da mijinta a bakin kanal. Zanen na naɗe shi na cusa a ƙarƙashin gado, hular da safar kuma suna nan kan tabarma inda ta ajiye su, ina shara ina zagaye su.

Ta ce in da saƙo in ba ta. Asabar motar safe za ta bi. Don Allah Anti, da ku masu karatu, me zan yi?